Jawabin Magatakardan Ƙungiya: Takarda Ita Ce Ke Rage Haraji

 

 Mun gode wa Allah da Ya sake nuna mana zagayowar wannan rana.

Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977 aka dawo da iyayenmu nan Agoè, da amana da kalmar baki ake kasuwanci. Amana tana nan, amma OTR, hukumar da ta haɗe duwan da haraji tun 2014, takarda take karantawa. Shi ya sa da yawanmu ke biyan abin da doka ta ɗauke musu.

Na farko, kowa ya san sahunsa. Dokar haraji ta 2019 ta sa wanda cinikinsa na shekara bai wuce sefa miliyan 60 ba a TPU, harajin dunƙule. A nan jimillar ciniki ake dubawa, ba a cire maka kuɗin haya ko na mota. Ɗan kasuwar da ke tsakanin miliyan 30 da 60 yana biyan kashi 2 cikin 100: cinikin miliyan 40 ke nan jaka 800. Wanda ya haura miliyan 60, a kan riba ake yanka masa. Shi ne ake cire wa hayar shago da sito, kuɗin dako, albashin yara, wuta, gyaran mota da ladan mai fitar da kaya, muddin an kashe su don sana'ar kuma akwai faktir da sunansa. Cefanen gida da kuɗin biki ba sa ciki.

Na biyu, lambar haraji, wato NIF. Idan kaya sun shigo ta fatan Lome, ko Aflawo, ko Sanvee-Condji, ko Cinkassé, duwan na karɓar wani kafin alƙalami na haraji. Wanda ya fitar da kaya da lambar wani, wancan aka rubuta wa kuɗin. Kai ka biya, shi ya amfana.

Na uku, sabon ɗan kasuwa da ya yi rajista a CFE ana ɗauke masa TPU na watanni 24 na farko. Wanda ya shiga CGA, cibiyar da ke riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi, shi ma yana da rangwame. Iyaye, ku tura yaran da kuka yaye su yi rajista da sunansu.

Na huɗu, a tsarin CEDEAO, amfanin gona, dabbobi da kayan sana'ar hannu na ƙasashen ƙungiyar ba sa biyan kuɗin fito. Masu hanyar Nijar da Burkina, ku tuna ƙasashen sun fice ranar 29 ga Janairu 2025, don haka ku tambayi halin hanya kafin ku yi lodi.

Roƙona guda ne: kowa ya sayi littafi da jakar ajiye rasit. Abin da aka saya, abin da aka sayar, a rubuta a ranar. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ya kawo ofis mu juya masa. Dokar kasafi tana sauyawa duk shekara, in Janairu ta kama ku zo mu duba tare. Rashin sani ya fi dare duhu.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mu a hanya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.