MI YA SA KUƊIN MAI KE HAWA DA SAUKA?

 Yau hirarmu bisa kuɗin mai take: isansi, gazuwal da kananzir. Ko ba ka da mota, zancen ya shafe ka. In mai ya yi tsada, kuɗin mota ya hau, kuɗin niƙa ya hau, mai injin ban-ruwa a gadabu ya ji a jikinshi.

Kun san kasuwar hatsi. Da kaka hatsi ya yi yawa, tiya ta yi araha. Da bazara rumbu ya yi ƙasa, tiya ta hau. To, haka kasuwar mai take.

Na farko, ɗanyen mai. Daga ƙarƙashin ƙasa ake hako shi, a saida shi da ganga. Ganga guda litar 159 ce, kuma da dalar Amurka ake cinikinta. A 1960 wasu ƙasashe masu mai suka kafa ƙungiyar OPEC don su daidaita yawan man da suke kaiwa kasuwa. A 1973 ƙasashen Larabawa suka rage mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12. A 2020, lokacin cutar korona, motoci da jirage suka tsaya, mai ya faɗi. A 2022, da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren, ganga ta wuce dala 100.

Na biyu, buƙata. A Turai da arewacin Amurka sanyin hunturu ya fi namu nesa ba kusa ba. Gidaje da yawa suna ƙona wani mai, ɗan'uwan gazuwal, don ɗumama ɗaki. In sanyi ya tsananta, masu saye su yi yawa, gazuwal ya hau.

Na ukku, tacewa da dako. Ɗanyen mai ba ya tada mota sai an tace shi. Man Agadem, cikin jihar Difa, ana tace shi a matatar SORAZ kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011. Kamfanin SONIDEP ke rarraba shi. Kowace tahiyar babbar mota kuɗi ce.

Na huɗu, hukuma. A Nijar gwamnati ke yanke kuɗin litar a gidan mai. A watan Yuli na 2024 ta maida litar isansi sefa 499.

Na biyar, iyaka. Shekara da shekaru gwamnatin Najeriya tana biyan wani kashi na kuɗin mai, shi ya sa man kwalba na ƴan ruwa-ruwa yake araha a Maraɗi da Ƙonni. A watan Mayu na 2023 aka cire wannan tallafi, man kwalba ya yi tsada, mutane suka koma gidan mai. Matatarmu ba ta ƙosar da kowa ba. A watan Maris na 2025 aka yi ƙarancin isansi, aka ga dogayen layuka.

Saboda haka, in mai ya hau, kada ku ɗora laihin duka bisa direba. In kun je gidan mai, ku karanta kuɗin litar da kanku, ku yi lissahi kahin ku biya. Kada ku ɓoye isansi cikin ɗakin kwana don jiran tsada. Gobara ba ta sallama.

Ku tattauna da malaminku: nawa kuke kashewa ga mai cikin wata guda?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.