Sanarwar da Ba Ta Isa Kunnen Kowa Ba



An ba ni minti kaɗan, saboda haka bari in fara da laifina. Azumin bara ni na tsara sanarwar sauya lokacin tafsiri. Na yi ta a hoto, kore da ruwan zinariya, na tura gurup ɗinmu na WhatsApp, har ana yaba mini. Washegari wani ɗan uwanmu makaho ya tako daga ƙarshen Jiratawa, ya tarar an tashi. Da na ba shi haƙuri sai ya miƙo mini salularsa ya ce in saurara. Manhajar TalkBack, wadda ke karanta wa makafi abin da ke fuskar waya ƙirar Android, kalma ɗaya ta faɗa masa da Faransanci: hoto. Wallahi ranar na ji kunya.

Ku lura, ƴan uwa, rubutun da aka zuba cikin hoto, a wurin irin wannan manhaja galibi zane ne kawai. Haka haruffan ƙwalisa da muke kwafowa don sunanmu ya yi kyau: ko ta tsallake su, ko ta yi ta kiran su ɗaya bayan ɗaya har mutum ya gaji.

Ba makafi kaɗai ba ne. Ni na yi lakwal ta harshe biyu, yanzu ina Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, sai in manta cewa Faransancin da nake jefawa a saƙo shinge ne. Baffana yana karanta ajami tiryan-tiryan, amma boko sai an karanta masa. Manomin da ke ban ruwa a fadama, saƙon murya ya fi masa sauƙi. Kurma kuwa, muryar ba ta amfane shi da komai ba. Ga kuma wanda megas ɗinsa ba za su buɗe fayil mai nauyi ba.

Mun san Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, kuma a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, ranar da ya zo neman sani. Shi ne daga baya yake kiran salla a Madina tare da Bilal.

Abin da nake roƙon kwamitin yaɗa labarai ba ya cin ko dala. Duk hoton da za a tura, a rubuta abin da ke cikinsa a ƙasa da rubutu na zahiri: rana, ƙarfe nawa, wane masallaci. A bi shi da murya gajera da Hausa. Wa'azin da aka naɗa, wani ya taƙaita shi a layi biyar saboda kurame. A kuma sa allon rubutu na Hausa, Gboard na da shi, don ƙ da ɗ su fito daidai, kada ƙasa ta koma kasa.

Sanarwar taron Tibiri na wata mai zuwa tana hannuna, kuma wancan ɗan uwa namu ya yarda shi zai fara sauraron ta kafin in tura.