Maƙoƙo da Mai Ciki: Jawabi ga Makiyaya da Fataken Shanu a Unguwar Alsahafa



Yau maganarmu a kan gishiri take. Kowannenmu ya san maƙoƙo, kumburin nan na gaban wuya. A wurin akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Ita ke haɗa sinadarin da ke gina ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta iya aiki sai da aidin. Idan aidin ya yi ƙaranci a abinci, sai ta kumbura.

Mu makiyaya mun san alamar a garke. Saniyar da ba ta samu aidin ba takan yi ɓari, ko ta haifi maraƙi mai kumburin wuya wanda ba ya iya tashi. To, haka abin yake ga ɗan Adam. A watannin farko na ciki, jariri da sinadarin uwarsa yake dogara. Idan ya gaza, ana iya samun ɓari, ko a haifi yaro kurma, ko mai nauyin fahimta har ƙarshen rayuwarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Abu ne kaɗan ƙwarai: abin da mutum zai ci duk tsawon rayuwarsa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Amma binciken gidaje na 2014 ya nuna ko gida ɗaya cikin goma a Sudan bai kai ba wajen amfani da gishiri mai isasshen aidin. Nijeriya kuwa tun 1993 ta wajabta sa shi a gishiri. Tun shekarun 1980 aka gano a Darfur cewa inda aidin ya yi ƙaranci, yawan cin gero na ƙara maƙoƙo. Ba mu ce a bar gero ba. A gyara gishiri.

Yaya ake aunawa? Awon fitsari yana nuna halin da matan gari ke ciki baki ɗaya. Awon jini kuwa shi ke nuna ko tayirod ɗin mace ɗaya na aiki daidai. Don haka duk mai ciki da ke da kumburin wuya, a kai ta awo da wuri. Wani maƙoƙon ba na rashin aidin ba ne, sai likita ya duba.

Roƙonmu uku ne. Na farko, wanda ya sayar da sa a kasuwar Muwailih ta Omdurman, ya sayi gishirin girki mai tambarin aidin, kada a ɗebo na dabbobi a zuba a tukunya. Na biyu, a ajiye shi a rufe, nesa da rana da danshi. Na uku, kada kowa ya ba mace aidin na wanke ciwo ta sha, wannan guba ne.

Mun san yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya wahalar da kowa. Duk da haka, kuɗin ƙullin gishiri bai kai na igiyar maraƙi ba.

Allah ya sauki matanmu lafiya.