Kakan da Aka Zaɓa: Mashahuran Mutane da Neman Asali a Talabijin

An ja mini kunne kada in cinye lokacin tambayoyi, don haka ba zan yi doguwar shimfiɗa ba.

A watan Oktoba na 2004 gidan talabijin na BBC ya fara wani shiri mai suna Who Do You Think You Are?, wato “wa ka ɗauki kanka?”, tambayar da in ka yi wa mutum ita a kasuwa sai an raba ku. Tsarin shirin bai canza ba har yau. Za a ɗauko wani shahararre, mawaƙi ko ɗan wasa ko ɗan jarida, a kai shi gidan adana takardu, a buɗe masa tsohon littafin rajista, wani masani ya ɗora yatsa ƙarƙashin wani suna ya ce masa ga kakanka. Daga nan sai kyamara ta matso kusa da fuskarsa tana jiran hawaye.

Kuma hawayen na zuwa. A 2006 an kawo Jeremy Paxman, ɗan jaridar da ’yan siyasar Ingila ke fargabar zama gabansa saboda tsare gida da matsa tambaya. Aka miƙa masa takardar wata kakarsa ta birnin Glasgow, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da tarin ’ya’ya, hukuma kuma ta yanke mata ɗan tallafin da take ba matalauta saboda ta haihu ba aure. Mutumin nan ya cire tabarau, murya ta sarƙe. Ban ga abin dariya a nan ba. Matar ta rasu tun kafin a haife shi, amma zaluncin da aka yi mata yana nan a rubuce, da kwanan wata da sa hannun ma’aikaci.

Abin da ya sa irin wannan shiri ya yiwu a can shi ne takarda. Tun 1837 hukuma ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Ƙidayar jama’a kuma duk shekara goma ake yi, tun daga ta 1841 ake rubuta sunan kowa, a rufe kundin shekara ɗari sannan a buɗe. Na 1921 sai a Janairun 2022 ya fito. Sai dai ku lura da ƙofar da talaka ke shiga takarda ta cikinta: in ya roƙi taimako, ko ya yi laifi, ko an zo ƙidaya shi. Ranar da ya yi dariya babu mai rubutawa. Shi ya sa kakannin da ake nunawa ko dai masu sarauta ne ko waɗanda wahala ta yi wa katutu.

A nan maganata take. Mai kallo yana zaton gano kaka ake yi, alhali zaɓensa ake yi. Mu yi lissafi tare. Iyayenka biyu, kakanni huɗu, iyayensu takwas. In ka hau hawa goma kana da 1,024, in ka kai hawa ashirin sun zama 1,048,576. Shirin kuwa awa ɗaya ne, bai ɗaukar fiye da mutum biyu ko uku. A 2016 an shaida wa Danny Dyer, ɗan wasan kwaikwayo daga gabashin Landan, cewa shi jinin Sarki Edward na Uku ne, wanda ya rasu a 1377. Ya yi ta murna, ƙasa ta ɗauka. Zaren da aka bi gaskiya ne, kuma samun takardar kowane hawa ba ƙaramin aiki ba ne. Amma in ka kai wancan zamani, guraben kakannin mutum ɗaya sun ninka yawan mutanen Ingila na lokacin, don haka masana ƙwayoyin gado ke cewa kusan duk mai tsatson Ingila jinin wannan sarki ne, har da mai ɗaukar hoton da direban da ya kai su. Michael Parkinson kuwa, fitaccen mai hira da baƙi, shi da bakinsa ya faɗa cewa an yi makonni ana bin zuriyarsa, aka ce labarin ba shi da armashi, aka fasa. Kakanninsa masu haƙar kwal ne da leburori, sun yi aiki, sun haifi ’ya’ya, sun mutu. Wannan ba ya sayuwa.

Wani lokaci ma zaɓen yakan zama ɓoyo. A Amurka Farfesa Henry Louis Gates na Jami’ar Harvard yana gabatar da Finding Your Roots a tashar PBS tun 2012. A 2014 ya yi shiri da ɗan wasan fim Ben Affleck, aka nuna kakanni na kirki. Sai a Afrilun 2015, da aka fallasa wasiƙun kamfanin Sony da masu kutse suka sace, ta bayyana cewa Affleck ya nemi a cire wani kakansa da ya mallaki bayi, kuma ba a sa shi ba. Affleck ya ce kunya ce ta kama shi. Gates ya ce ya zaɓi labaran da suka fi jan hankali ne. PBS ta bincika, ta ce an saɓa ƙa’idarta, ta ɗage zango na gaba har sai an ɗauki mai tantance bayanai. Da ba a yi waccan sata ba, da har yau ba mu ji ba.

Ga baƙar fatar Amurka matsalar ta juye: ba yawan kakanni ba ne, rashin suna ne. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an jera bayi ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launi, kamar yadda ake ƙirga dabbobi. Sai a 1870 akasarinsu suka fara bayyana da sunayensu. In mai bincike ya zo nan sai ya ci karo da bango, shi ya sa ake komawa ga gwajin ƙwayoyin gado. Oprah Winfrey, fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin, ta taɓa cewa ita Zulu ce. A shirin African American Lives na 2006 gwaji ya nuna ’yan Kpelle na Laberiya. Amma gwajin nan layin uwa kaɗai yake bi, uwa ta uwa ta uwa, zare ɗaya cikin dubu. Ƙishirwar ma ba sabuwa ba ce. Tun 1976 Alex Haley ya fitar da littafinsa Roots, aka mai da shi fim na talabijin a 1977, inda ya ce ya kai ga kakansa Kunta Kinte a ƙauyen Juffure na Gambiya ta bakin wani mai ba da tarihi. Daga baya masu bincike suka nuna shakku, ganin cewa labarin abin da baƙon ke nema ya riga shi isa ƙauyen.

To, mu nan ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Mun san maroƙi. Ranar biki zai tsaya bakin zaure ya jero maka jikan wane, jikan wane, har sai hannunka ya shiga aljihu. Ba lalle ya yi ƙarya ba, tsallake ne gwanintarsa. Abin da Gates ke yi da kundin ƙidaya, maroƙi na yi da ƙwaƙwalwa, kuma kowannensu ya san wa ke biya. Ku duba yawan gidajenmu da ke kai salsalarsu Gabas, Bagadaza ko Yaman ko Makka, sannan ku tuna ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Mutanen da suka cika rinji da gandu sun haihu, jikokinsu muna nan, na iyayengijinsu ma muna nan, sau da yawa a cikin jiki ɗaya.

Na taɓa zama da wata gwaggona, tana tsinke zogale a faifai, na ce ta jero mini mutanen gidanmu. Ta ɓangaren maza ta hau har hawa bakwai ba ta ko numfasa ba, kowa da laƙabinsa da garin da aka binne shi. Da na tambayi wadda ta haifi kakanmu na uku, sai hannunta ya tsaya. Ta ce ai ita kawo ta aka yi, daga kudu, tana ƙarama. Na ce mene ne sunanta? Ta ce a gidan Alheri ake kiran ta. Na ce wanda uwarta ta raɗa mata fa? Ta kaɗe zanenta, ta ce in miƙo mata wancan kwanon.

Shugaban zama, na ga kana duba agogo. Na tsaya nan, a kawo tambayoyi.