KULLE A ƘASAR BAƘUNCI: WA YA SAMU TAIMAKO, WA YA RASA

(Jawabin da aka gabatar gaban iyayen ɗalibai da dangin ƴan cin rani, a kan halin da baƙi suka shiga a Faransa lokacin annobar korona.)



Duk gidan da ke da ɗa a ƙetare, ɗalibi ne ko mai neman na kai, bai manta da watan Maris na shekarar 2020 ba. Ran 16 ga wata da dare shugaban Faransa Emmanuel Macron ya shaida wa jama'arsa cewa ƙasar na cikin yaƙi da cutar korona, kashegari da tsakar rana aka kulle kowa a ɗakinsa. Ran 19 kuma Nijar ta rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, ba a sake buɗe su ga matafiya ba sai 1 ga Agusta. Ke nan wanda ke can ba shi da hanyar dawowa gida, dole ya zauna ƙarƙashin dokar masu masaukinsa, ya kuma jira abin da za su miƙo masa.

Dokar kullen kanta ba ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba. Duk mai son fita sai ya riƙe takarda da ya cika da hannunsa, mai ɗauke da sunansa da adireshinsa da dalilin fitar: sayen abinci, ganin likita, zuwa aikin da ba ya yiwuwa daga gida, ko miƙe ƙafa na awa 1 cikin tazarar kilomita 1. Wanda aka kama ba takarda, tararsa yuro 135 ce, wajen jika 88 na sefa, kuma wanda ya maimaita fiye da sau 3 cikin kwana 30 yana iya fuskantar tarar yuro 3,750 da ɗaurin wata 6. To amma nauyin dokar bai zama ɗaya ba. Takardar da Faransanci take, kuma da yawa daga cikin leburorin Afirka ta Yamma ba su shiga lakwal ba. Wanda ba shi da izinin zama kuwa, kowace fita sayen burodi tana iya haɗa shi da ɗan sanda. Ga kuma gidajen kwanan ma'aikata baƙi, irin na Montreuil a gefen birnin Faris, inda ake cunkushe mutane a ɗaki guda, ɗakin girki da makewayi na kowa da kowa ne. Faɗa wa mai irin wannan zama ya nisanci jama'a, magana ce kawai.

Ƙididdiga ta nuna sakamakon. Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ta gano cewa a watannin Maris da Afrilu na 2020, idan aka kwatanta da na 2019, mutuwa ta ƙaru da kashi 22 cikin 100 tsakanin haifaffun Faransa, amma tsakanin haifaffun Afirka kudu da Sahara ta ƙaru da kashi 114. Su ne masu shara da gadi da jinyar tsofaffi da kai saƙo, ayyukan da ba a yi daga gida.

A wajen taimako ne bambancin ya fito fili, domin gwamnati ta bi rajistarta ne ta raba. Da aka rufe ofisoshin da ke sabunta izinin zama, sai aka ƙara kwana 180 ga duk takardar da ta ƙare tsakanin 16 ga Maris da 15 ga Yuni, kuma wannan ya kwantar da hankalin masu takarda. Ma'aikacin da maigidansa ya rubuta shi a hukumance, ko daga wace ƙasa ya fito, ya ci gaba da karɓar kusan kashi 84 cikin 100 na albashinsa yana zaune gida. Wanda ke aiki a ɓoye, a bayan ɗakin girkin gidan abinci ko wurin gini, ranar da aka rufe ƙofa albashinsa ya tsaya. Ran 15 ga Mayu an raba yuro 150, wajen jika 98, da ƙarin yuro 100 a kan kowane yaro, ga masu karɓar tallafin talakawa da ake kira RSA, alhali baƙon da ba ɗan Turai ba sai ya shekara 5 da izinin zama mai ba shi damar aiki kafin ya cancanci wannan tallafi. Sabon zuwa, ko da takardunsa cikakku ne, yana waje.

Ɗalibai sun shiga nasu halin. Doka ta yarje wa ɗalibi baƙo aikin awa 964 a shekara, kuma da wannan aiki mafi yawansu ke biyan haya. Aikin ya tafi, kuɗin gida ya ragu tunda iyaye ma na cikin matsi. An ba waɗanda suka rasa aiki yuro 200 sau ɗaya. Abincin yuro 1 na gidajen cin abincin jami'a, wato dala 131, da farko masu tallafin karatu na gwamnatin Faransa kaɗai ya shafa, sai a Janairun 2021 aka buɗe shi ga kowane ɗalibi.

Waɗanda rajistar gwamnati ta tsallake, ƙofa biyu suka rage musu. Ta farko ita ce ofishin jin ƙai na magajin gari, CCAS, wanda doka ta wajabta wa duk komin mai mutum 1,500 zuwa sama. Wannan ofishi yana iya ba marar matsuguni adireshin karɓar wasiƙa, wanda in babu shi ba a buɗe maka ko wane fayil, yana kuma ba da agajin gaggawa bisa ƙa'idar da kowane gari ya tsara wa kansa. Saboda haka abin da baƙo ya samu ya danganta da garin da kulle ya riske shi da kuma halin shugabannin garin. Ƙofa ta biyu ita ce ƙungiyoyin agaji irin Restos du Cœur da Secours populaire, da asusun da ƴan gari ɗaya ke tarawa tsakaninsu. Hausawa sun ce ɗan uwa rabin jiki, kuma a wancan lokaci tukunyar haɗin gwiwa ta ciyar da mutane da dama da babu sunansu a ko wane littafi.

Kada a ce ba yadda za a yi, domin maƙwabtan Faransa sun gwada wata hanya. A ƙarshen Maris 2020 Fotugal ta ɗauki duk baƙon da ya riga ya ajiye takardar neman zama tamkar mai izini na ɗan lokaci, don ya samu asibiti da tallafi. Italiya ta buɗe ƙofar halatta ma'aikatan gona da na cikin gida daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Agusta, aka ajiye takardu sama da 200,000. Faransa ta zaɓi saka wa waɗanda suka yi aiki cikin annobar: ta rage musu jiran zama ɗan ƙasa daga shekara 5 zuwa 2, kuma ya zuwa Satumban 2021 sama da mutum 12,000 sun samu. Wannan ma masu takarda ya amfana.

Abin da ya rage shi ne aikin da ke kan iyaye da hukumomi. Iyaye su matsa wa ƴaƴansu su yi rajista a ofishin jakadanci da zarar sun sauka, su sabunta takarda kafin ta ƙare, su nemi aikin da ake rubutawa ko da ladansa bai kai na ɓoye ba, domin ranar wuya wannan rubutu ne ya ciyar da mutane. Ofishin jakadanci kuma ya san adadin ƴan ƙasa da ke hannunsa da inda suke kwana. Sannan a dubi gida. A 2020 gwamnatin Nijar ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani, taimakon da ya bi ta kan masu rajista da kamfanonin wuta da ruwa, ya tsallake ƙauyen da ba fitila da baƙon da ke kwana a rumfar kasuwa. Kowace komin, daga Maraɗi zuwa Tawa, tana da baƙinta, kuma ya kamata ta san su tun kafin wata annoba ta zo, ta yadda abin da ake nema wa ƴaƴan ƙasa a Faris za a iya yi wa ƴaƴan wasu a nan.