Ƙuri'a ga Mutum, Ba ga Aƙidarsa Ba: Darasin Zaɓen Houston



An nemi in yi magana a kan yadda talaka ke auna ɗan takara a zaɓen ƙaramar hukuma. Na ɗauko misali daga nesa, wanda na san zai yi wa kunnuwanmu nauyi, domin a inda al'amari ya yi tsauri ne ake gane abin da mai ƙuri'a ya fi damuwa da shi.

Houston, a jihar Texas, shi ne birni na huɗu a yawan jama'a a Amurka. Texas kuwa jihar masu ra'ayin riƙau ce. A 2005 jama'arta suka haramta auren jinsi ɗaya a kundin tsarin mulkinsu. Duk da haka, a Disambar 2009 mutanen Houston suka zaɓi Annise Parker magajiyar gari, mace mai neman jinsi ɗaya, wadda ta yi shekara kusan ashirin tare da abokiyar zamanta, Kathy Hubbard, kuma ba ta ɓoye ba.

Ba dare ɗaya ta hau ba. Ta nemi kujerar kansila a 1991 ta faɗi, ta sake nema a 1995 ta sake faɗuwa, sai a 1997 ta ci. A 2003 aka zaɓe ta mai kula da baitulmalin birnin. Kafin siyasa ta daɗe tana aiki a kamfanin mai, a garin da mai ne abincinsa. Saboda haka ranar da ta nemi babbar kujera, mutane sun riga sun san ta da lissafin kasafi, da maganar magudanan ruwa da 'yan sanda.

Abokan hamayya ba su bar batun gidanta ba. Wasu suka rarraba takardu ɗauke da hotonta da Hubbard. Ku lura, ba aikinta suka kushe ba, abokiyar zaman suka sa a gaba, domin ita ce shaidar da ido ke gani. Makamin bai ci ba, kuma a ganina dalilin a fili yake: abin da mutum bai ɓoye ba, ba a tona masa shi. Ta kayar da Gene Locke a zagaye na biyu, ta sake ci a 2011 da 2013.

Kada ku ce birnin ya rungumi aƙidarta. Tun 2001 masu ƙuri'a sun hana ma'aikatan birnin saka abokan zaman da ba na aure ba cikin inshorar lafiya, ƙa'idar da ta hau kan ita kanta magajiyar gari. Da ta kawo dokar hana wariya, majalisar birnin ta amince a 2014, jama'a suka yi fatali da ita a Nuwambar 2015 da kusan kashi 61 cikin ɗari. Gari ɗaya ne ya ba ta kujera sau uku, ya kuma hana ta dokar da ta fi so.

A nan gida Najeriya wannan takara ba ta ma tasowa. A Janairun 2014, watan da Parker ta ɗaura aure a Kalifoniya, Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, ga kuma shari'ar Musulunci a wasu jihohin Arewa. Amma tambayar tamu ce: yaushe mai ƙuri'a ke raba zaman gidan ɗan takara da aikinsa? Bazawara mai neman kansila, ko wanda ake kira baƙo a garin da aka haife shi, duk sun san wannan tarko. Masu neman batun digiri, ku je mazaɓunku ku tambayi mutane, ku kawo mana alƙaluma.