Wace Iska ce Ta Fi Ɗumama Duniya? Jawabi ga Malaman Reshenmu a Unguwar Sarki



An ɗora mini nauyin yin magana a kan iskokin da ke ɗumama duniya, da matsayin kowace a cikinsu. Batu ne da muke koyarwa a darasin kimiyya da na labarin ƙasa, amma sau da yawa mukan haɗa iskokin a buhu ɗaya, mu kira su gurɓatacciyar iska, mu wuce. Ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Ɗalibin da bai san wace iska ce babba ba, gobe idan ya zama kansila ko kwamishina, zai kama mara laifi ya saki mai laifi.

Mu fara da abin da kowane mazaunin Kaduna ya sani a jikinsa. A watan Janairu, lokacin hunturu, rana takan yi zafi da azahar, amma kafin asuba sai an nemi bargo. A watan Afrilu kuwa, gab da faɗuwar damina, dare yakan yi ɗumi har barci ya gagara. Ɗaya daga cikin dalilan wannan bambanci shi ne tururin ruwa. Iskar hunturu busasshiya ce, zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya sulale zuwa sama babu mai tare shi. Iskar bazara tana ɗauke da danshi, danshin kuma yana riƙe zafi kamar murfin tukunya. Da babu iskoki masu irin wannan aiki, da matsakaicin zafin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon digiri 15 da muke rayuwa a ciki. Asalinsu ke nan rahama ce, yawansu ne ya zama matsala.

Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kashi 99 cikin 100 na busasshiyar iska, ba su da hannu a wannan aiki. John Tyndall ya nuna haka a ɗakin gwajinsa a Landan a 1859. Masu riƙe zafin 'yan tsiraru ne, kuma ana auna kowace da ma'auni uku: yawanta, ƙarfinta, da tsawon zamanta a sama.

Ta fuskar yawa, tururin ruwa ne sarki. Kusan rabin ɗumin da sararin sama ke riƙewa aikinsa ne, gajimare kuma na da kusan rubu'i. Sai dai ba ya wuce kwana goma a sama kafin ya sauko a matsayin ruwa ko raɓa, kuma zafin iska ne ke yanke yawansa: duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin 100. Don haka wata iska ce ke hura wutar, shi kuma ya ruɓanya ta.

Mai hura wutar ita ce iskar kabon, wadda ke fita daga ƙona fetur, dizal, kwal da gas, daga masana'antar siminti, da kuma sare daji. Kafin zamanin masana'antu tana kashi 280 ne cikin miliyan. Lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ta kai wajen 315. Yau ta haura 420. Ƙarfinta ƙwaya da ƙwaya bai kai na sauran ba, amma tana da yawa, kuma wani kaso nata yakan yi ɗaruruwan shekaru bai gushe ba. Hayaƙin janareton da aka tayar yau a kan titin Ali Akilu, jikokinmu za su gaji wani abu daga cikinsa.

Ta biyu ita ce mitan, wadda ke fita daga gyatsar shanu, daga fadamar shinkafa da ruwa ya kwanta a kai, daga bolar da ke ruɓewa, da kuma yoyon bututun gas da rijiyoyin mai. Ita kamar barkono take a miya: kaɗan ce, amma da zafi. A tsawon shekara 20, kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya kamar kilo 80 na iskar kabon. A tsawon shekara 100 kuma kamar kilo 27 zuwa 30. Sauƙinta shi ne ba ta wuce shekara 12 ko makamancin haka. Rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa iskar kabon ta jawo ɗumin kusan digiri 0.8, mitan kuma kusan 0.5, yayin da ƙura da hayaƙin masana'antu suka rufe wani sashe, jimillar ta tsaya wajen 1.1.

Ta uku ita ce naitiros, wadda mafi yawan abin da ɗan Adam ke fitarwa nata daga noma ne, musamman takin zamani da aka zuba fiye da abin da shuka za ta sha. Kilo ɗaya nata ya kai kilo 273 na iskar kabon, kuma tana shafe fiye da shekara 100. Sai ta huɗu, iskokin firiji da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda wasunsu sun ninka iskar kabon sau dubbai. A nan ina roƙon mu gyara wani ruɗani da ke yawo a littattafan ɗalibanmu: hujewar rufin ozon daban, ɗumamar duniya daban. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta magance ta farko, gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 kuma ya shafi ta biyu.

'Yan uwana, ga inda abin ya shafi adalci. A jiha irin tamu, inda zaman manomi da makiyayi ke buƙatar lallaɓawa, ganganci ne malami ya tsaya gaban allo ya ce shanu ne suka ɓata yanayi, ko ya ɗora laifin a kan uwar da ke girki da itace domin kuɗin gas ya fi ƙarfinta. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga man fetur da kwal. Amma wannan bai wanke mu ba. Nijeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza a filayen mai. A taron Glasgow na 2021 ta shiga alƙawarin rage mitan na duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin daidaita fitar da hayaƙi kafin 2060, kuma a watan Nuwamban shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Ɗalibin da ya fahimci lissafin nan shi ne zai iya tambayar ina aka kwana.

Mu ma muna da rabo a cikin wahalar. Mun san yadda aji mai rufin kwano da yara fiye da kima yake zama da ƙarfe ɗaya na rana a watan Maris. Mun ga ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a faɗin ƙasar nan, kuma mazauna bakin kogin Kaduna ba su manta da ta 2003 ba.

Saboda haka ina ba reshe shawara uku. Malaman kimiyya su zauna su tsara darasi ɗaya a kan ma'aunan nan uku, cikin Hausa da Turanci, a raba wa makarantunmu. Kowace makaranta ta daina cinna wa shara wuta, ta ware ganye da ragowar abinci a yi takin gargajiya, a riƙa juya shi yana shan iska domin kada ya haifar da mitan. Sannan shugabanninmu su sa batun dashen darbejiya da mangwaro, da yi wa azuzuwa silin da tagogi, cikin buƙatun da suke kai wa hukuma, a jere da batun albashi da ƙarin girma, domin lafiyar malami da ta ɗalibi ce.

 Allah Ya ba mu ikon isar da ilimi yadda yake, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.